Mai Dabara Da Mai Alƙalami

Ƙasar Gaya ƙasar maƙera ce tun kaka da kakanni. Masu riƙe da tarihin baka sun ce a Gaya ne maƙera suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, sun kuma ce daga Gaya wani maƙeri ya taso neman tama har ya sauka a gindin Dala, zuriyarsa kuwa su ne Abagayawan birnin Kano. Amma da za a tara masanan ƙasar duka a tambaye su sunan mutumin da ya fara lanƙwasa bakin garma yadda take kifa ƙasa, ko wanda ya fara haɗa zuga-zugi biyu don iska ta riƙa shiga wuta ba yankewa, da ba wanda zai iya faɗa. Dabarar ta wanzu, har yau ana cin moriyarta a gonakin Toranke da Ajingi da Gaya, masu ita kuwa ko sunansu bai iso gare mu ba.

A wancan zamani wannan bai zama babbar hasara ba, domin wanda ya kwaikwayi maƙeri shi ma tilas ya zauna bakin wuta ya sha zafin da maƙerin ya sha, yana ƙera garma ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ba ya iya kashe masa kasuwa. Yau al'amari ya sake. Mutum ya shekara biyu yana gwaji a rumfarsa, ya ƙarar da ɗan abin hannunsa wajen sayen ƙarfe, ran da abin ya yi kyau sai wani baƙo ya zo ya ɗauki hotonsa da waya, ya auna tsawo da faɗi, bayan 'yan watanni sai ga irinsa ɗaruruwa an ƙero a wata masana'anta, ana sayarwa da rahusa, da sunan wani a jiki. Shi ke nan, an yi kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Yau muna so mu yi magana da malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, watau magadan malaman En'e na da, domin a ganinmu maganin wannan abu yana hannunsu fiye da yadda suke tsammani. Galibin masu dabara a ƙauyukanmu, maƙera da masu walda da magina tukwane da kafintoci, hannunsu ya ƙware amma ba su saba da takarda ba. Hanyar da dabara ke bi ta zama hajar kasuwa kuwa, da hanyar da doka ta shimfiɗa don a tsare ta, duka biyu da takarda ake bin su. Idan mai alƙalami bai tsaya kusa da mai dabara ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko dabarar ta mutu a rumfa, ko ta rayu a hannun wani.

Tukunya Cikin Tukunya

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Dutse maƙwabciyar Gaya ce, a da ma gundumomi ne biyu na En'en Kano, tun kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991. A can ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a babbar kwalejin fasaha ta jihar, ya fito da abin da duniya ta sani da tukunya cikin tukunya. An haife shi a 1964 cikin zuriyar magina tukwane, saboda haka ya san yumɓu tun yana yaro, ya kuma yi karatun zamani ya san dalilin abin da yumɓun ke yi.

Kowace uwargida ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa, gasasshen yumɓu yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, ruwa kuma in zai bi iska sai ya tafi da zafi. Abin da Malam Bah Abba ya yi shi ne ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya zuba kayan lambu a ta ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Cikin gwajinsa, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai sun yi mako uku, alayyafon da ba ya wuce yini ɗaya ya yi kwana 12.

To, tunanin sa tukunya cikin tukunya abu ne da zai iya faɗo wa mutum cikin dare ɗaya. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne aikin da ya biyo baya. Da farko dai malamin ya taso ne daga wata bukata da ya gani da idonsa: manomin da ba shi da wutar lantarki dole ya karyar da kayan lambunsa ran da ya cire su, 'yan mata kuma ana ɗora musu talla tun da safe don kada kaya su kwana, makaranta ta wuce su. Sa'an nan ya shafe daga 1995 zuwa 1997 yana gwaji yana gyara. Da ya tabbata, sai ya ɗauki magina ya sa suka gina masa 5,000 da kuɗin aljihunsa, ya raba kyauta a ƙauyuka biyar na Jigawa, a 1999 kuma ya ƙara 7,000. Ya yi lissafin abin da kowace ke ci wajen gini, kimanin senti 30 na dalar Amurka, ya sa mata kuɗi senti 40, yadda talaka zai iya saye, magini kuma ya sami na cefane. Da ya ga yawancin waɗanda ya yi abin dominsu ba sa karatu, sai ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a hoto, ya riƙa bin ƙauyuka da dare da janareta da farin ƙyalle yana nunawa, kamar yadda motar majigi ke yi a zamanin En'e.

Bayan duk wannan ne yabo ya zo. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar girma da dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, zuwa 2005 kuwa an raba fiye da 90,000. Dabarar ta kai har Darfur ta ƙasar Sudan. Ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa.

Mu kwatanta wannan da wani labari. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Lalle wannan basira ce abar yabo, kuma shaida ce cewa Allah bai hana yaranmu kaifin tunani ba. Amma tambayoyin da kasuwa ke yi daban ne. Wa zai saya? Nawa zai biya? In ya lalace wa zai gyara, da me? Ana iya yin guda dubu su fito iri ɗaya? Malamin da ɗalibi ya kawo wa dabara, bayan ya ce masa madalla, waɗannan tambayoyi huɗu su ne babbar kyautar da zai ba shi.

Buhun Wake

Misali na biyu manoman wake na ƙasar Ajingi sun san shi a hannu, watau buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowane daban. In an ɗaure da kyau, ƙwarin da ke cikin wake su shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ko kaɗan ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Marwa ta ƙasar Kamaru sun gano wannan tun ƙarshen shekarun 1980. Amma sai a 2007 aka soma babban shirin da ya kai buhun hannun jama'a. Kusan shekara ashirin ke nan dabarar tana nan da ingancinta, manomi kuwa ƙwari na cinye masa wake, don babu masana'antar da ke yin buhun daidai da awo, babu dillalin da ke kai shi kasuwar ƙauye.

Da aka tashi gyara, sai aka samo masana'antu, cikinsu har da Lela Agro ta Kano, aka haɗa kai da masu binciken aikin gona na Maraɗi da na sauran wurare, aka bi ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe 10. A cika buhu a gaban jama'a bayan girbi, a ɗaure, a dawo bayan watanni a kwance kowa na kallo, gani ya kori ji. Wajen tsaro kuwa, tun da sa leda cikin leda abu ne da kowa ke iya yi, abin da masu shi suka riƙe shi ne sunan. Sun yi masa rajista ya zama tambarinsu, masana'anta ba ta buga shi a buhu sai da izininsu, bisa sharaɗin ta kiyaye kauri da ingancin da aka ƙayyade. Manomi yana neman wannan suna don ya gwada ya ga amfaninsa. Nan ƙarfin tsaron yake.

Abin Da Doka Ta Ce

Yanzu a ce wani mai walda a Toranke ya gyara injin ɓarar gyaɗa ta wata hanya da ba a taɓa yi ba, har ya zama ba ya fasa ƙwaya. Ya zo wurin malamin makaranta ko akawu yana neman shawara. Me ya kamata a gaya masa?

Kafin 1970, bisa wata doka ta 1925, wanda ke son takardar mallakar ƙirƙira sai ya fara samo ta a Ingila, sa'an nan a yi mata rajista a Nijeriya. Talakan ƙauye ko mafarkin haka ba ya yi. A 1970 aka kafa dokar ƙasa mai lamba 60, wadda har yanzu da ita ake aiki, ofishin rajista kuma yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Takardar da ake bayarwa, wadda lauyoyi ke kira fatent, yarjejeniya ce tsakanin mai dabara da jama'a. Shi zai bayyana yadda abin yake dalla-dalla, da zane, har wani gwanin sana'ar ya iya ƙera shi daga bayanin. Hukuma kuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin, ko shigo da shi, ko sayar da shi ba da izininsa ba, har shekara 20 daga ran da ya shigar da takarda. Bayan nan dabara ta zama ta kowa.

Sharuɗɗa uku ne. Abin ya zama sabo. Ya zama ya fito daga aikin basira, ba irin gyaran da kowane gwani zai gane da kansa ba. Ya kuma zama ana iya ƙera shi ko amfani da shi a wata sana'a, har da noma. Asalin ilimi, kamar sanin cewa ruwa in ya bi iska yana tafiya da zafi, ba wanda doka ke mallaka wa, sai dai sabuwar hanyar aiki da shi.

Sharaɗin farko shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa rami. A wurin doka, abu ya daina zama sabo da zarar ya isa ga jama'a a ko'ina cikin duniya, a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi, kafin ranar shigar da takarda. Ba ruwan doka da cewa mai abin ne da kansa ya bayyana. Idan mai waldan nan ya kai injinsa kasuwa ya gwada a gaban mutane, ko ɗansa ya sa hotonsa a Facebook, ko hedimasta don murna ya nuna shi ran bikin ba da kyaututtuka, to, da hannunsu sun rushe haƙƙin. Rangwame ɗaya doka ta yi, shi ne nuni a bajekolin ƙasashen duniya wanda hukuma ta amince da shi, muddin an shigar da takarda cikin wata shida. Nunin amfanin gona na ƙaramar hukuma bai shiga ciki ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Saboda haka shawara ta fari ga mai dabara ita ce ya kama bakinsa tukuna.

Abu na biyu da ya wajaba a sani, doka ta ba da haƙƙi ga wanda ya riga shigar da takarda, ko da ba shi ne ainihin mai dabarar ba. Mai ita na gaskiya yana da ikon a rubuta sunansa a takardar, kuma in ta tabbata cewa daga aikinsa aka kwashi dabarar ba da yardarsa ba, haƙƙin ya koma gare shi. Amma alƙali ba ya aiki da rantsuwar cewa kowa a gari ya sani. Hujja yake nema. Nan aikin malami ya zo. A samo littafi ɗinkakke, ba mai zare ganye ba, a sa wa shafuffukansa lamba, a rubuta kwanan wata a kowane zama, a zana abin da awonsa, a rubuta gwajin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, mai dabara ya sa hannu ko ya dangwala, mutum biyu amintattu su shaida bayan sun yi alkawarin riƙe sirri. Wannan littafi ba ya maye gurbin rajista, amma ran da aka yi gardama shi zai yi magana.

Abu na uku, magatakardan ofishin rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce. Doka ma ta faɗa a fili cewa ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, kuma Babbar Kotun Tarayya tana iya soke ta in wani ya kawo shaidar cewa abin tsoho ne. Don haka kafin a kashe ko kwabo, a yi bincike. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mallakar fasaha, wadda ke birnin Janiba, ta tara miliyoyin irin waɗannan takardu a intanet, ana dubawa kyauta. Malamin kimiyya mai waya a hannu yana iya yi wa mai walda wannan aiki cikin 'yan kwanaki. In an tarar wani ya riga shi, an huta da hasarar kuɗi. Akwai ma wata riba: duk takardar da shekarunta 20 suka cika, zanenta da bayaninta halal ne ga kowa, taska ce ga maƙeranmu da sun sami mai fassara musu.

Kowace Haja Da Makullinta

Gaskiya ita ce ba kowace dabara ce ta cancanci wahalar fatent ba, kuma wanda ya ɓoye wa mai dabara wannan bai yi masa adalci ba. Akwai kuɗin shigarwa, akwai kuɗin da ake biya kowace shekara, in an daina biya, bayan jinkirin wata shida takarda ta mutu. Hukuma kuma ba ta aika ɗan sanda ya yi gadin dabarar kowa. Mai ita ne zai gano wanda ya kwaikwaye shi, ya ɗauki lauya, ya kai ƙara. Har wa yau, in mutum ya karɓi takarda ya ajiye a akwati ba ya ƙera abin, bayan shekara huɗu da shigarwa ko uku da bayarwa, wanda ya fi nisa a cikinsu, wani yana iya roƙon kotu ta ba shi izinin ƙerawa tilas. Saboda haka fatent ya fi dacewa da abin da ake sa ran masana'anta za ta ƙera da yawa, har ribarsa ta ɗauki nauyin tsaronsa.

Ga sauran, akwai wasu makullai. Tambarin ciniki, bisa dokar 1965, ana yi masa rajista ta shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14 ba iyaka. Shi ya fi dacewa da mai ƙaramin jari, domin ko maƙwabta sun kwaikwayi injin, ba su da ikon buga sunansa a nasu, in kuwa nasa ya fi ƙarko, sunan zai riƙa jawo masa ciniki har 'ya'yansa su gada. Siffar abu ta waje, kamar sabon zane a jikin akushi ko sabon fasalin murhu, ana yi mata rajista dabam ta shekara 5, a sabunta sau biyu, jimla 15, ita ma sai in ba a riga an bayyana ta ba. Abin da ba a iya gane haɗinsa ta kallo kuwa, kamar haɗin yajin kilishi ko na rini, sirri shi ne makullinsa, muddin an rubuta an adana, don kada ya bi tsoho kabari kamar yadda asirin sana'o'i da yawa ya bi.

Akwai kuskure biyu da suka yawaita, ya kamata akawu ya gyara wa mutane su. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ba ta tsare dabara, ba kuma ita ce rajistar tambari ba. Dokar haƙƙin marubuta ta 2022 kuma tana tsare rubutu da zane da waƙa ne yadda aka tsara su, ba ta hana wani ya karanta bayanin inji ya je ya ƙera. Haka nan in hajar ta shafi abinci ko magani, sai ta bi ta hannun hukumar NAFDAC kafin ta shiga kasuwa, ko tana da fatent ko ba ta da shi.

Wanda kuma ya zaɓi ya bar wa jama'a dabararsa sadaka, don ta yaɗu kamar yadda tukunya cikin tukunya ta yaɗu, wannan zaɓi ne mai daraja, mun kuma yaba masa. Amma shi ma yana bukatar alƙalami. A buga bayanin a jarida ko mujalla da sunansa da kwanan wata, domin wannan bugu shi ne shaidar da za ta rushe takardar duk wanda ya zo daga baya yana so ya mallake abin ya hana mutane. Bayarwa da sani daban take da sakaci.

Iyaka Da Uban Gida

Takardar Abuja ƙarfinta ya tsaya a iyakar Nijeriya. Kowa kuwa ya san kayan Kano ba sa tsayawa a nan, Maraɗi da Damagaram kasuwanninmu ne tun zamanin ayari. Nijar da Kamaru da Chadi da Benin, watau duk ƙasashen da muka haɗa iyakar tudu da su, suna cikin wata ƙungiya ta ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta tsara, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashen duka. Nijeriya ba ta ciki. Amma ta shiga yarjejeniyar Faris tun 1963, wadda ta ba wanda ya shigar da takarda a nan wata 12 ya shigar a wata ƙasa, a lissafa masa da ranar farko. Wanda ke da niyyar sayarwa a ƙetare sai ya rubuta wannan wa'adi inda ba zai manta ba.

Akwai kuma wata aya da ta shafi ku malamai da akawuna kai tsaye. Dabarar da ma'aikaci ya ƙirƙira cikin aikinsa, doka ta ce haƙƙinta na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Sai dai in ƙirƙira ba ta cikin aikin da aka ɗauke shi yi, amma ya yi amfani da kayan wurin ko bayanansa, ko kuma dabarar tana da muhimmanci na musamman, to, yana da haƙƙin a biya shi lada daidai gwargwado. Malamin da ke gwaji a ɗakin sana'a na makaranta ya san da wannan tun da wuri, ya nemi a rubuta matsayin kowa kafin abu ya yi daraja, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan ran da mai kuɗi ya zo. Sayar da dabara dungum daban, ba da ita haya daban, kamar dai gona. A haya mai dabara yana riƙe da abinsa, ana ba shi wani kaso a kan kowane guda da aka sayar, na shekarun da aka ambata, a yankin da aka ambata. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta, a sa hannu, a kai ofishin rajista, a kuma karanta wa mai dabara da Hausa kalma bayan kalma kafin ya dangwala.

Nan ne za mu yi gargaɗi mai nauyi. Tun da doka ta fifita wanda ya riga shigar da takarda, mai alƙalamin da aka ba amana yana iya sa sunansa a gurbin na mai walda, ba wanda ya sani sai bayan shekaru. Wanda ya yi haka ya ci amana, kuma ɓarnarsa ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba, domin in labari ya bazu ba sauran maƙerin da zai sake buɗe wa malami cikinsa. Ladan rubutu halal ne, a yanka shi a fili tun farko. Sunan mai abu kuwa a bar masa.

Abin Da Muke Roƙo

Muna roƙon kowace makarantar sakandare ta ƙasar Gaya da Ajingi ta sa malami ɗaya ya san waɗannan ƙa'idodi, ya koya wa ɗalibai riƙe littafin gwaji, ya kuma zama ƙofarsa a buɗe take ga masu sana'ar gari. Muna roƙon ƙananan hukumomin biyu su sa akawu ɗaya a sashen raya karkara wanda zai san inda ake tura mai dabara. Wuraren kuwa suna nan. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, nan kusa. Akwai cibiyar renon sana'o'in fasaha ta Gwamnatin Tarayya a Kano. Akwai hukumar NOTAP a Abuja, wadda aka kafa a 1979, tana taimakon masu ƙirƙira wajen shirya takardunsu da shigar da su. Muna kuma roƙon Gwamnati ta sa a juya muhimman ayoyin dokar 1970 zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta su a rediyo, domin dokar da mai sana'a bai taɓa jin labarinta ba, ba ta tsare shi da komai.

Ga tsarin a taƙaice, don malami ya riƙe: a duba bukata, a rubuta, a kama baki, a gwada a ɓoye, a bincika ko an riga, a yi lissafin kuɗi, a zaɓi makullin da ya dace, a shigar da takarda, sa'an nan a fita kasuwa a yi shela. Wanda ya sa shela a gaba ya bar takarda a baya, ya yi wa wani noma.

Malam Bah Abba ya haɗa abu biyu a jikinsa, hannun magini da alƙalamin malami, shi ya sa tukunyarsa ta fita daga Dutse da sunansa a kanta. Ba kowa Allah ke haɗa wa biyun ba. Amma a Toranke akwai maƙera, akwai kuma makaranta, tsakaninsu ba nisa. Allah ya sa masu alƙalami su taka su je, ya kuma ba su ikon riƙe amana, amin.